Gargaɗi ga masu injin busar da kaya a Abuja: kada ku biya kuɗin kwayil kafin a gwada shi da mita

Assalamu alaikum jama'a. Wannan saƙo na masu wanki da guga ne, da masu gidajen saukar baƙi, da iyayenmu mata da ke da injin busar da kaya na lantarki a gida, tun daga Gwarinpa da Kubwa har Lugbe da Nyanya. Da damina injin nan ya fi shan aiki, kuma a lokacin ne wasu 'yan damfara ke bazama da sunan gyara.

Salonsu kusan ɗaya ne. Za ka ga tallarsu a zauren WhatsApp na unguwa ko a Facebook, ko lambar waya manne a jikin get. Injinka yana juyawa, amma kaya na fitowa a jiƙe, babu ɗumi. Mutum ya zo ko mitar gwajin kayan lantarki bai riƙo ba, ya zura hannu cikin ganga ya ce, "Hajiya, kwayil ne ya ƙone, kuma irinsa sai an yo oda daga Legas." Ya karɓi kafin alƙalami mai tsoka, ya kwance kwayil ɗin, wato naɗaɗɗiyar wayar hita da ke ba inji zafi, ya tafi da shi wai za a gwada girma. Wasu daga nan sai waya a kashe. Waɗanda ke dawowa sun fi haɗari: su goge tsohon kwayil ɗinka ya yi ƙyalli, su mayar da shi a matsayin sabo, sannan su yi wa injin wani aika-aika a ɓoye don ya kawo zafi ka sallame su.

Abin da suke cin moriya shi ne mutane ba su san cewa rashin zafi ba lallai daga kwayil yake ba. A jikin akwatin hita akwai tamostat da fis ɗin zafi, aikinsu su yanke wuta idan zafi ya wuce kima. Idan burbushin auduga ya toshe raga ko bututun fitar da iska, ko bututun ya lanƙwashe a bayan inji, zafi sai ya taru, fis ya yanke, inji ya ci gaba da juyawa a sanyaye alhali kwayil lafiyarsa lau. Ƙurar hunturu da ta kwanta a ciki tun bara tana ƙara toshewar. Wasu injinan ma suna da ɗan maɓalli a bayan akwatin hita, dannawa kawai ake yi zafi ya dawo. A wasu kuma fis ɗin ake sauyawa, kuɗinsa ko kusa bai kai na kwayil ba.

Sai matsalar wuta. Ƙa'idar lantarkinmu bolt 230 ce, kuma zafin kwayil yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi. Idan ta sauka zuwa 180, abin da kwayil zai bayar bai wuce kashi 61 cikin 100 na zafinsa ba. Ƙaramin janareta ma haka, don hitar kaɗai tana jan wat 2,000 zuwa 2,500. Sabon kwayil ba ya maganin wannan.

Gwajin bai kai minti goma ba, kuma a gabanka ya kamata a yi shi. A zare fulogi daga soket tukuna, kashe maɓalli kaɗai bai isa ba. A buɗe murfin baya, inda hitar take a yawancin injinan Turai. A ɗauki hoton wayoyin da wayar salula kafin a zare ko ɗaya. A cire wayoyin daga bakin kwayil, a sa mita a kan ma'aunin om, wato mai auna juriyar waya, a taɓa bakin biyu. Lissafin ba shi da wuya: 230 sau 230 ya ba da 52,900, sai ka raba da wat ɗin da ke rubuce a jikin hitar. Mai wat 2,000 zai nuna om 26 ko kusa da haka, mai 2,300 om 23. Idan kwayil biyu ne a akwati ɗaya, kowanne a gwada shi daban, don ɗaya na iya tsinkewa ɗayan ya ci gaba da ba da ɗan ɗumi. Idan mita ba ta motsa ba, wato ta nuna OL ko 1 a gefen hagu, to waya ta tsinke da gaske, kuma sau da yawa za ka ga wurin da idonka. Daga nan a taɓa baki ɗaya da jikin ƙarfen akwatin. Nan bai kamata mita ta motsa daga OL ko 1 ɗin nan ba. Idan ta motsa, kwayil yana taɓa jiki, shi ne ke sa wutar gida faɗuwa ko inji ya riƙa jan mutum. Fis da tamostat kuwa, idan suna da lafiya kuma a sanyaye suke, kusan sifili za su nuna.

Duk mai gyaran da ya ƙi yin wannan a gabanka, ko ya ce shi da ido yake ganewa, ka ba shi kuɗin mota ya tafi.

Aika-aikan da muka ambata shi ne ya fi tayar mana da hankali. Suna zare wayoyin fis ɗin zafi su haɗe su da juna, ko su ɗaura guntun waya ta tsallake shi. Inji zai kawo zafi nan take, mai gida ya yi godiya har da ƙarin goro. Amma toshewar da ta yanke fis ɗin tana nan, kuma yanzu babu fis ɗin da zai yanke lantarki idan zafi ya wuce kima. Burbushin auduga busasshe yana kama wuta da wuri, ga shi masu wanki kan kunna inji su fita guga, wasu su bar shi yana aiki da dare. Wasu kuma idan kwayil ya tsinke sai su murɗe bakin biyu su haɗa. Wayar kwayil gaurayen ƙarfen nikel da kuromiyom ce, ba ta karɓar irin wannan ɗauri. Wurin zai riƙa yin ja fiye da ko'ina, ya sake tsinkewa, wani lokaci ya faɗa kan jikin akwati. Haka masu saka kwayil ɗin murhun lantarki a madadin na asali.

Akwai damfarar da ta fi wannan rainin hankali. Injinan zamani da aka rubuta Heat Pump a gabansu da kwampireso suke aiki irin na firji, yawancinsu ba su da kwayil ɗin da ake magana kwata-kwata. Wanda ya ce zai sauya maka shi, ka ce ya nuna maka inda yake.

Idan ta tabbata kwayil ne, kada ka bari tsohon ya bar gidanka sai sabon ya zo. Lambar samfurin inji tana kan takardar da ke manne a bakin ƙofa ko a baya, da ita ake sayen kaya. A ajiye sabo da tsoho gefe da gefe: wat ɗaya, baki ɗaya, ramukan sukuru ɗaya. A gwada sabon da mita tun a shago. Wanda aka taɓa amfani da shi wayarsa ta yi duhu, farantin da ke riƙe da ita yana da tabon ƙuna. Kafin a ɗaura, a share bututu da fanka da bayan ganga tas, a sauya duk bakin wayar da ya yi baƙi ko ya saki, don sakakken baki shi ma zafi yake yi. Bayan an rufe, a kunna inji babu kaya na minti biyar zuwa goma, a sa hannu a bakin bututu: iska mai ɗumi kuma mai ƙarfi ake nema. Idan tana fitowa da ƙyar, aiki bai ƙare ba.

Masu sayen na hannu, ku lura da abu biyu. Injin Amurka an ƙera shi ne don wutar bolt 120 da 240 a haɗe, hitarsa ta haura wat 5,000, om ɗinta wajen 10 ne, kuma soket ɗinmu mai amp 13 ba zai ɗauke shi ba. Na Ingila kuwa, a 2019 kamfanin Whirlpool ya janye wasu injinan Hotpoint da Indesit da Creda da aka ƙera tsakanin Afrilun 2004 da Satumban 2015, saboda auduga na taɓa hita ta kama wuta. Waɗanda aka yi wa gyara an manna musu koren ɗigo a bakin ƙofa ko a baya, sai a duba kafin a biya.

Wanda aka riga aka cuta ya adana rasit, da shaidar tura kuɗi, da hirar WhatsApp, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa ko hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda hedikwatarta ke nan Abuja. Idan kuma irin waɗannan mutane sun taɓa buɗe injinka, ka zare shi daga wuta yau, ka sa wani amintacce ya duba ko fis ɗin zafi yana kan layi kafin a sake kunna shi.