Meloxicam ga tsohon kare: ya tayar min da Duna, amma sai da ya taɓa cikinsa da ƙodarsa

Maganin da zan yi magana a kansa shi ne meloxicam na ruwa, wanda ake ɗura wa kare a baki ko a zuba masa cikin abinci. Sunan da aka fi saninsa da shi a duniya Metacam, amma kamfanoni da dama suna yin irinsa, nawa ma na ɗaya daga cikinsu ne. Likitan dabbobi ne ya rubuta mana shi saboda Duna, karen gadinmu a nan bayan garin Zariya, wanda ya haura shekara 12, kuma amosanin gaɓɓai ya kama masa ƙugu da ƙafafun baya. In faɗi ra'ayina tun yanzu: maganin yana aiki, aiki kuwa na gaske. Sai dai wanda zai ba tsohon kare shi, dole idonsa ya kasance a kan kwanon abinci, da kwanon ruwa, da abin da karen ya kasayar, kullum ta Allah.

Ciwon ya fi tsananta masa ne da hunturu. Da asuba sai ka ga ya kafa ƙafafun gaba, ya yi ta yunƙuri, ƙugun ya ƙi tashi. In ya samu ya miƙe, sai ya tsaya cak na ɗan lokaci, ƙafafun na rawa, kafin ya soma takawa da ɗingishi. 'Yar matattakalar da ke bakin barandar gida, wadda a da yake tsallakewa ba tare da ya lura da ita ba, ta zama sai ya zagaya. Bai cika yin kuka ba, kuma wannan ne ke ruɗar mutane, su ce tsufa ne kawai. Tsohon kare ba kasafai yake kukan ciwon gaɓa ba, ragewa yake yi: ya rage tafiya, ya rage haushi, ya rage zuwa tarbarka a ƙofa.

Akwai waɗanda suka ce min, kare ne za ka kwasa zuwa asibiti? Amsata gajeriya ce. Dabbar da ta kwana tana tsaron gidana fiye da shekara goma tana da hakki a kaina, kuma ba zan zuba ido tana jan ƙugu a ƙasa ba.

Likitan bai ba mu maganin kai tsaye ba. Sai da ya ɗora shi a sikeli, kilo 28, ya duba dasashinsa, sannan ya ɗebi jini don a ga lafiyar ƙoda da hanta. Ya kuma tambaye ni ko yana fama da kaska, domin cututtukan da kaska ke kawowa suna rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, kuma kare mai irin wannan matsala in aka ɗora masa wannan magani yana iya zubar da jini a ciki. Sakamako ya fito lafiya. Ma'aunin shi ne miligiram 0.2 ga kowane kilo a ranar farko, daga nan 0.1 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, tare da abinci. Ruwan maganin yana da miligiram 1.5 a kowace mililita, kuma sirinjin da ke cikin kwalin an yi masa zane da kilo, wato ka ja zuwa nauyin karenka kawai. Wannan dabara ta burge ni, don ta raba mutum da lissafi. Ana girgiza kwalbar sosai kafin a ja.

Mako bai cika ba muka ga canji. Ya soma tashi da yunƙuri ɗaya. Ya koma hawa baranda. Wata safiya mai ruwa ya turo kurarsa bakin ƙofa, Duna ya taso da sassarfa yana haushi irin na da, har maiɗakina ta leƙo ta taga ta ce, “Malam, wannan kuwa Duna ne?” Duk tsawon sanyin nan haka muka yi, ba amai, ba zawo, abinci kuwa har lashe kwano. Da a lokacin na rubuta wannan sharhi, da yabo zalla za ku karanta.

Matsalar ta zo ne da bazara, cikin Afrilu, lokacin da ko mutum ke neman inuwa da tsakar rana. Abin da na fara gani shi ne ya bar rabin abincinsa. Washegari ya shinshina ya juya kai, ga shi kuwa tuwo ne da romon kai, abin da ba ya ɗaga wa ƙafa. Daga nan sai amai, ruwa-ruwa mai kumfa, rawaya. Yana yawan lasar leɓe yana haɗiyar yawu. Ruwa kuwa yana sha fiye da kima, fitsari ma haka. Za a iya ɗora duk wannan a kan zafi, amma da na je bayan gida inda yake zagayawa, sai na tarar kashinsa ya yi baƙi, mai danƙo, kamar kwalta, da wani irin wari da ban saba ji ba. Likita ya riga ya gaya min cewa wannan alamar jini ne da ya zuba a ciki ya narke kafin ya fito. Ban ba shi maganin ranar ba, na kira likitan.

“Ranka ya daɗe, kada ka ƙara masa ko ɗigo,” in ji shi. “Ka kawo shi yanzu, kada ka bari sai gobe.”

Da ya ɗaga leɓen Duna, dasashin da ya kamata ya zama ja-ja ya koɗe. Ya ja fatar wuyansa ya saki, ta yi jinkirin komawa, alamar ruwan jiki ya ragu. Gwajin jini ya nuna sinadaran da ƙoda ke tacewa, creatinine da urea, sun hau sama da yadda suke a gwajin farko. A nan na ga amfanin wancan gwajin da aka yi tun ba a fara ba, don da babu shi, da ba mu da abin da za mu gwada da shi. Aka yi masa ƙarin ruwa, aka ba shi omeprazole don rage tsamin ciki, da sucralfate wanda ke lulluɓe inda ya ƙuje. A hankali ya koma cin abinci, kashin ya dawo kalarsa, gwajin da aka sake daga baya kuma ya nuna ƙodar ta sauko kusa da inda take.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, ba a wuce ma'auni ba ko sau ɗaya, kuma ba a taɓa ba shi da yunwa ba. Duk da haka abin ya faru. Bayanin da likitan ya yi min ya gamsar da ni, shi ya sa nake son masu karnuka su ji shi. Jiki yana yin wasu sinadarai da ake kira prostaglandin, su ne ke kawo kumburi da raɗaɗi a gaɓar da ta lalace, maganin kuma aikinsa rage su. To amma waɗannan sinadaran dai su ne ke sa ciki ya yi majinar da ke kare bangonsa, kuma su ne ke buɗe hanyoyin jini na ƙoda idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Ƙaramin kare mai lafiya, a lokacin sanyi, jikinsa na iya ɗauka. Tsohon kare kuwa, ƙodarsa ta riga ta ci shekaru, ga zafi, ga haki dare da rana yana ƙarar da ruwan jikinsa. A irin wannan hali ƙodar tana dogaro ne da sinadaran nan, maganin kuma ya danne su. Takardar cikin kwalin ta faɗa ƙarara cewa kada a ba dabbar da ruwan jikinta ya ragu. Amma ba za ta gaya maka cewa a ƙasarmu watan Maris da Afrilu kaɗai sun isa su jefa tsohon kare cikin wannan hali ba. Wannan sai mai karen ya sani da kansa.

Tunda na ambaci takardar, ita ce abin da na fi jin haushinsa a kayan. Rubutu ƙanana ƙwarai, da Turancin likitoci, kuma gargaɗin da ya fi komai muhimmanci an tura shi can tsakiya. A gidaje da yawa maigadi ko yaron gida ne ke ba kare abinci, shi ne zai fara ganin an bar tuwo a kwano, amma ba wanda ya yi tunaninsa wajen rubutun. Zanen jikin sirinjin ma ya soma gogewa saboda wanki, sai da na nemi wani. Sannan ruwan yana da ɗan zaƙi, karen na sonsa, wanda alheri ne wajen ba shi, amma kwalbar tana buƙatar wuri mai tsayi da makulli, saboda shi da kuma yara. Kuɗinsa ba shi da sauƙi, gwaje-gwajen jinin kuwa sun fi shi cin kuɗi. Duk da haka, wanda ba zai iya yin gwajin ba, ni a ganina gara ya sake shawara da likita kafin ya fara.

Bayan an dakatar da meloxicam ciwon ya dawo, likita ya koma kan gabapentin, wani maganin rage ciwo na daban. Shi bai taɓa cikinsa ba, amma ya zo da nasa. Barci mai nauyi, har a buga ƙofa bai ɗaga kai ba, in ya tashi kuma yana tangaɗi, ƙafafun baya suna harɗewa. Ga karen da dama ƙugunsa ba ƙarfi, tangaɗi a kan siminti mai santsi haɗari ne. Da aka rage yawansa aka mayar da shi dare, abin ya yi sauƙi sosai, ko da yake shi kaɗai bai kai meloxicam kashe ciwon gaɓa ba, ko kusa. Likitan ya kuma ja kunnena kan gabapentin na ruwa da ake yi wa mutane, domin wasu suna ɗauke da xylitol, abin zaƙin da guba ne ga kare.

Wani maƙwabcina mai karnukan farauta ya ce me zai hana in ba shi tramadol. Ban da abin da ƙwayar nan ta yi wa matasanmu, wanda kowa ya sani, ko ga karen ma ba ta da wani abin kirki a wannan ciwo. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Jojiya ta Amurka, aka wallafa a 2018, ya gwada ta da carprofen, wani magani ɗan gidan meloxicam, a kan karnuka masu amosanin gaɓɓai. Carprofen ya yi aiki, tramadol kuwa ba ta bambanta da ƙwayar da ba magani a cikinta ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne al'adar shiga kemis a saya wa dabba maganin mutane. Ibuprofen, diclofenac, naproxen, 'yan gida ɗaya da meloxicam, duk suna iya huda cikin kare ko su kashe masa ƙoda, kuma ba sai da yawa ba. Indocid da mutanenmu ke barbaɗawa a abinci don kashe ɓera, ai ɗan gidan waɗannan magunguna ne, kuma cikin ɓeran yake ci. Diclofenac da ake yi wa shanu allura a Indiya shi ya kusan ƙarar da ungulayen ƙasar tun daga shekarun 1990, sama da kashi 90 cikin 100 suka mutu, saboda suna cin mushen shanun, ƙodarsu ta lalace. Sai a 2006 aka hana amfani da shi ga dabbobi a can, kuma meloxicam ne aka maye gurbinsa da shi don ba ya kashe su. Wannan ya nuna ya fi 'yan'uwansa sauƙi, amma mai sauƙin ne ya yi wa Duna abin da na faɗa. Ko meloxicam ɗin ma, ƙwayar mutane miligiram 7.5 ce ko 15, alhali rabon Duna a rana 2.8 ne. Ƙwaya ɗaya ta 15 ta ninka nasa fiye da sau biyar. Panadol kuwa yana kashe kyanwa, kare ma sai likita ya auna masa.

Akwai kuma haɗin da ba a yi sam: irin wannan magani da prednisolone ko dexamethasone, magungunan kumburi da ake kira steroid, ko kuma biyu daga gida ɗaya a lokaci guda. Masu allurar dabbobi da ke yawo unguwa-unguwa suna yawan amfani da dexamethasone, don haka duk wanda zai taɓa karenka, ka gaya masa abin da yake sha. In za a sauya daga wani zuwa wani ma, akan bar kwanaki a tsakani, sau da yawa biyar zuwa bakwai.

Na ji labarin allurar Librela da ake yi wa karnuka masu ciwon gaɓɓai sau ɗaya a wata, wadda Amurka ta amince da ita a 2023, kuma hanyar aikinta daban ce da ta meloxicam. Ita ma hukumar magunguna ta can ta aika wa likitocin dabbobi gargaɗi a ƙarshen 2024 kan rahotannin tangaɗi da farfaɗiya a wasu karnuka. Ban gwada ta ba.

Yanzu dai ga inda muke. Da damina ta sauka, gari ya yi sanyi, gwaji ya yi kyau, likita ya mayar da shi kan meloxicam da ma'auni ƙasa da na farko, gabapentin kuma da dare. Mun rage masa ƙiba, na shimfiɗa masa tsohuwar katifa ya bar kwana a siminti, ana ɗan zagayawa da shi da sassafe, kwanon ruwa biyu a inuwa. Na tara maigadi da yara na gaya musu da bakina: ranar da ya bar abinci, ko ya yi amai, ko kashinsa ya yi baƙi, ko farin idonsa ya koma rawaya, ba a ba shi magani, a kira ni. Zan sake sayen meloxicam, kuma zan ba wanda karensa ke jan ƙugu shawarar ya tambayi likita a kansa. Mun riga mun yi magana da likitan cewa za a sake ɗibar jini a watan Fabrairu, kafin zafi ya shigo, kuma in ƙodar ta motsa ko kaɗan za mu ajiye kwalbar har ruwa ya sauka.