Shekara Guda da Tukwanen Shuke-shuken da Na Saya a Wani Lambu a Kano

Bara da kaka na je wani lambun sayar da furanni da ke bakin titi a Kano, ina neman abin da zan jera a tukwane kan dandamalin katakon da ke gaban ɗakina, da sharaɗin kada wurin ya zama kango da zarar damina ta ɗauke. Na jinkirta yin wannan sharhi har sai da shuke-shuken suka ga hunturu da bazara da damina, domin a ranar ciniki kowane fure kyakkyawa ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne mai lambun bai yi gaggawar karɓar kuɗina ba. Sai da ya tambayi awa nawa rana ke dukan wurin, sannan ya hana ni ɗaukar wardi, yana cewa zafin Afrilu, wanda kan haura digiri 40, zai wahalar da shi a cikin tukunya. Ya haɗa mini kariya da bogenbiliya, waɗanda suka fi yin fure a lokacin rani, da moda da alobera domin korensu ba ya gushewa, sai ɗoɗɗoya saboda ƙamshi. Shawarar ta yi amfani, domin a tsakiyar Janairu, lokacin da ƙura ta lulluɓe komai, bogenbiliyar ta cika da jan fure mai kaurin takarda, kariyar kuma ta zubar da ganye amma ta yi fure a kan rassanta tsirara. Ya kuma gargaɗe ni cewa ruwan jikin kariya guba ne, a nisanta ta da yara.

Inda masu lambun suka gaza shi ne wajen ƙasa da tukwane. Ƙasar da suka zuba laka ce mai riƙe ruwa, kuma biyu daga cikin tukwanen simintin ba su da huda a gindi, abin da ban lura da shi ba sai da ruwan Agusta ya ruɓar da saiwar kariya ɗaya. Dole na sake cakuɗa ƙasar da yashi da busasshen taki, na ɗora tukwanen kan bulo don kada laima ta ci katakon ta gayyato gara.

Farashinsu da sauƙi, kuma ana yin ragi. Zan koma wurinsu sayen tsiro, amma tukunya sai na kifa ta na duba gindinta kafin in biya.