Wasiƙa daga Gilasgo: Fam, Mil da Kuɗin Magani

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga amsar tambayar da ka yi mini game da yadda saye da sayarwa suke a nan. Abin da zan fara gyara maka shi ne sunan ƙasar, domin a gida kowa Ingila yake cewa, alhali Birtaniya yankuna huɗu ce, wato Ingila da Sikotlan da Wels da Ailan ta Arewa, kuma bambancin da ke tsakaninsu yana taɓa aljihun mutum. Na yi shekara biyu a Manchesta da ke Ingila kafin na dawo Gilasgo da ke Sikotlan, saboda haka na ɗanɗana ɓangarorin biyu.

Kuɗinsu dai fam ne, wanda Baba yake ba mu labarinsa, amma ba a lissafa shi yadda ya sani. A da kwabo 12 ne sule, sule 20 kuma fam ɗaya, a nan da can gida duka. A shekarar 1971 suka mayar da fam ya zama kwabo 100, mu kuma a 1973 muka koma naira, aka canza fam ɗaya a kan naira biyu. Abin da ya ba ni dariya shi ne, matasan nan ba su san sisi da taro ba, mu kuwa har gobe muna cewa mutum ba shi da ko sisi. A Sikotlan bankuna uku ne suke buga takardun kuɗinsu na kansu, har akwai takardar fam biyar mai hoton kifi a bayanta. Darajarsu ɗaya da ta Ingila, amma wata rana da na kai ziyara Landan wani mai shago ya juya takardar, ya sake juyawa, sannan ya miƙo mini abata. Tun daga ranar nake biya da kati idan na tsallaka kudu.

Sha'anin awo kuwa sai wanda ya zauna. Ana sayar da man fetur da lita, amma allunan hanya da mil suke nuna nisa, madara kuma har yanzu da fayint ake kiranta, wanda ya ɗan haura rabin lita. Idan ka tambayi dattijo nauyinsa, zai gaya maka da wani ma'auni da suke kira dutse, wanda yake daidai da laba 14. A hagu suke tuƙi, yadda mu ma muke yi kafin 1972, kuma soket ɗinsu mai baki uku irin namu ne, don haka cajar da na zo da ita daga Kano ta yi aiki nan take.

Inda na fi ganin bambanci shi ne asibiti. Tun 1948 suka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, wadda ake tafiyar da ita da kuɗin haraji, kuma ba a karɓar ko kwabo a wurin ganin likita, ko da yake mu baƙi muna biyan wani kuɗi mai nauyi tun wajen neman biza. A Ingila, idan likita ya rubuta maka magani sai ka biya wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane ɗaya, in ban da yara da tsofaffi da wasu da aka ɗauke wa. A Sikotlan an soke wannan kuɗin tun 2011, Wels kuwa ta riga ta tun 2007. Sai dai kada ka ɗauka abin duk daɗi ne, domin kafin ka ga ƙwararren likita kana iya yin watanni a layi, kuma irin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake saye a kemis ɗin bakin layi a gida, a nan galibi ba a ba ka su sai da takardar likita.

Wuta da ruwa ba sa yankewa, amma kuɗin ɗumama gida lokacin hunturu ya isa ya hana mutum barci, ga harajin ƙaramar hukuma, ga lasisin kallon talabijin da ake biya duk shekara. Ranar Lahadi manyan kantunan Ingila awa shida kawai doka ta yarda su buɗe, Sikotlan kuma babu wannan dokar.

Ciniki babu shi. Abin da aka rubuta a jikin kaya shi za ka biya, babu albarka, babu gyara. Naman halal yana samuwa a shagunan 'yan Pakistan, doya da garin rogo da manja kuma a shagunan 'yan Afirka, amma da tsada. Duk abin da hannun mutum zai yi maka, nan ne kuɗi suke tafiya: aski, gyaran mota, gyaran famfo, ɗinki. Abin da na biya aka rage mini tsawon wando ɗaya ya sa na tuna telanmu da alheri.

Saboda haka ina roƙonka ka sa a ɗinka mini kaftani biyu da babbar riga kafin Salla, a ba duk wanda zai taho. Amma don Allah a gaya wa Inna kada ta cusa kilishi ko dambun nama a cikin jakar, domin dokarsu ta hana shigowa da nama daga ƙasashenmu, kuma a filin jirgi za a ƙwace. Idan za ka kira ni, ka tuna cewa daga ƙarshen Oktoba agogonmu zai koma baya da awa ɗaya, sai ƙarshen Maris lokacinmu zai sake daidaita da naku. A gaida Inna da su Yaya Babba.