Ƙwar Biyu ko Ƙwar Biyar: Da Wacce Za a Fara wa Yara Waƙa?

A firamaren ƙauye, a ce wajen Ringim, ƙwar biyu ta fi sauƙin kamawa. Baiti ɗango biyu ne, wato layi biyu, da amsa-amo guda a ƙarshen na biyun, wato sautin da kowane baiti ke ƙarewa da shi. In an zaɓi "ka", sai yara su kawo shuka, kaka, daka, suna rerawa da tafi har kari, wato ma'aunin sautin waƙar, ya zauna a kunne.

Ƙwar biyar kuwa aiki biyu ce. Ɗango huɗu na farko suna da amsa-amon ciki mai sauyawa a kowane baiti, na biyar yana riƙe da na waje, wanda ba ya motsi. A nan yaro ke cusa kalma don kawai amo ya fito, gaɓoɓi su yi yawa, kari ya karye. Gara a ajiye ta sai ƙaramar sakandare.