Agogon alfarma na ɗaurawa kullum a Zariya: Datejust, Aqua Terra, Cartier ko Rado?

Wanda ya tara kuɗinsa zai sayi agogo mai tsada guda ɗaya, wanda zai je ofis da shi a Samaru ko Kongo, ya ratsa kasuwar Sabon Gari da shi, ranar Asabar kuma ya halarci ɗaurin aure cikin birni, to kafin ya kai ga maganar sunan kamfani ya fara tuna alwala. Sau biyar a rana ruwa zai bi hannun nan har gwiwar hannu. Da yawa daga agogunan da ke mutuwa a garin nan ba faɗuwa a hanya ke kashe su ba, a wurin alwala suke gamuwa da ajalinsu: ko ruwa ya shiga, ko a cire a ajiye a gefen famfo ya zame ya daki siminti, ko a manta da shi a harabar masallaci.

Saboda haka maɗaurin fata ya fita daga lissafi tun daga farko. Fata tana shan ruwa da gumi, ta yi wari, ta tsage a daidai ramin da ake yawan maƙalawa, kuma dole sai an cire agogon gaba ɗaya kafin a wanke hannu. Sarƙar ƙarfe mai maƙulli mai naɗewa ita ce daidai. In ka ɓalle maƙullin, sarƙar ba ta rabuwa biyu, tana nan a zagaye da hannunka sakwa-sakwa, sai ka matsar da agogon sama ruwa ya ratsa ƙarƙashinsa, ka gama ka maida. Bai bar jikinka ba balle ya faɗi.

Sai lambar juriyar ruwa da aka rubuta a kan agogon. Mita 30 ba ya nufin za ka nutse da shi mita 30. Gwaji ne na matsin ruwa a tsaye cikin ɗakin gwaji, abin da yake nufi a aikace shi ne yayyafi da fantsama. Na kullum ya zama mita 100 zuwa sama, kuma an fi son maɓallin gefensa, wanda ake saita lokaci da shi, ya zama mai zare, irin wanda ake murzawa ya kulle kamar noti. Ta wannan ƙofa ruwa da ƙura suka fi shiga.

Rolex Datejust mai faɗin milimita 36 shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi, kuma ya cancanta. Tun 1945 yake, siffarsa ba ta canza sosai ba, shi ya sa wanda aka saya yau ba zai zama tsohon yayi ba bayan shekara ashirin. Injin da ke cikin na yanzu, mai lamba 3235, yana bugawa sau 28,800 a awa, yana riƙe ƙarfi na awa 70, wato in ka cire shi bayan sallar Juma'a ka ajiye, ranar Litinin da safe za ka tarar yana tafiya. Kamfanin ya yi alkawarin ba zai wuce daƙiƙa 2 gaba ko baya a rana ba. Mita 100 ne, maɓallinsa mai zare ne, kaurinsa wajen milimita 12, don haka yana shigewa ƙarƙashin hannun kaftani mai links ba tare da ya tokare ba. Wannan ƙaramin abu ne a baki, amma agogon da ke kama bakin hannun riga kullum zai cinye zaren aikin da ke wurin, kuma mai shi zai gaji da shi.

Sarƙa iri biyu ake yi masa. Jubilee mai ƙananan gaɓoɓi biyar a jere ta fi laushi a hannu, ta fi ƙyalli, ita ce ido ya saba gani a hannun manya. Oyster mai gaɓoɓi uku masu faɗi ta fi ƙarfi. A garin da hunturu ke lulluɓe komai da ƙura wata uku zuwa huɗu, Oyster na fi ba da shawara, don yawan gaɓoɓi yawan maɓoyar datti ne. Maƙullin kuma yana da wata 'yar gaɓa a ɓoye da ake buɗewa ta ƙara milimita 5. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke sa hannu ya ɗan kumbura da rana, za ka san amfaninta.

Akwai maganar da dillalai ba su cika faɗa ba, ga namiji Musulmi kuwa babba ce. Datejust ɗin da zoben gilashinsa ke da tsage-tsage masu walƙiya, mai lamba 126234, wannan zoben farin zinari ne mai karat 18, ko da yake ido yana ganinsa kamar ƙarfe. Mai launi biyu kuma, fari da rawaya, zinari ne na gaske a zoben da tsakiyar sarƙar. Mai lamba 126200 shi ne wanda gidansa da zobensa mai santsi da sarƙarsa duk ƙarfe ne. Ko a shi, 'yan sandunan da ke nuna awa a fuskarsa, can ƙarƙashin gilashi, da zinari Rolex ke yin su. Wanda abin ya dama ya kai wa malaminsa wannan bayani dalla-dalla kafin ya biya, kada ya bari sai bayan ya saya. Mata ba su da wannan damuwa, kuma mai milimita 31 ya fi zama a hannunsu.

Aibin Datejust a nan biyu ne. Yana cikin agogunan da aka fi yi wa jabu, kuma shi ne wanda kowa ke ganewa daga nesa, har wanda ba ka so ya gane. Mai yawan tafiya tsakanin Zariya da Kaduna ko Kano ya sa wannan a ransa.

Omega Seamaster Aqua Terra ya fito a 2002, bai kai Datejust tarihi ba, amma a aikin yau da kullum yana gaba da shi ta fuska ɗaya da ta shafe mu sosai: maganaɗisu. Cikin kowane agogo mai inji akwai wani siririn sifirin kamar gashi wanda ke daidaita bugunsa. In na ƙarfe ne ya kusanci maganaɗisu, zagayensa sai su manne da juna, ya gajarce, agogon ya riƙa gudu, wani lokaci mintoci a rana. Maganaɗisu kuwa ya cika gidajenmu: lasifika, murfin waya mai mannewa, bakin kwamfutar cinya, ƙofar firji, maƙullin jaka. Omega ya yi wannan sifirin da silikon, wanda maganaɗisu ba ya kamawa, an kuma gwada agogon ya jure maganaɗisu mai ƙarfin gaus 15,000, sannan ba ya yin baya, iyakarsa ya yi gaba da daƙiƙa 5 a rana. Rolex ma nasa sifirin na wani haɗin ƙarfe ne da maganaɗisu bai cika kamawa ba, sai dai ba a buga masa lamba irin wannan ba. Likita a Shika ko injiniyan da ke wuni cikin na'urori, Aqua Terra ne nasa.

Mita 150 ne, maɓallinsa mai zare. Mai milimita 38 yana da inji 8800 mai riƙe awa 55, mai 41 kuma 8900 mai awa 60. Na biyun yana da wata dabara mai daɗi ga mai zuwa Umara: hannun awa yana tsalle shi kaɗai, ka tura shi gaba awa biyu zuwa lokacin Saudiyya ba tare da ka tsayar da minti da daƙiƙa ba. Kuɗin wannan daɗin shi ne in agogon ya kwana biyu a tsaye, sai ka yi ta juya hannun awa kafin kwanan wata ya daidaita. Inda ya gaza Datejust shi ne maƙulli, don yawancin waɗanda ke yawo a kasuwa ba su da wurin sassautawa, sai dai a cire ko a ƙara rabin gaɓa. Kuma ranar da za ka sayar, ya fi Rolex zubar da daraja. Wannan ya sa na hannu mai kyau ya zama ciniki mai riba ga mai saye.

In hannunka, da ka auna da zare ka ɗora a ruler, bai wuce santimita 17 ba, tsaya a 36 ko 38. Ka duba kada ƙahonnin da ke riƙe sarƙar su zarce faɗin hannun.

Cartier Tank, wanda aka zana a 1917, kyakkyawa ne ƙwarai da farin yadi da hula zanna, amma mita 30 ne kuma galibi da fata yake zuwa. Na Juma'a ne da biki. Santos na wannan gidan ya fi dacewa da kullum, mita 100 ne, sarƙarsa tana cirewa da yatsa ba sai da kayan aiki ba. Matsalarsa zoben nan mai sheƙi kamar madubi: cikin wata guda zai cika da ƙarce, injinsa kuma awa 42 kawai yake riƙewa.

Rado kuwa ba sai an gabatar da shi ga ɗan Zazzau ba. DiaStar mai siffar ƙwai, wanda ya fito a 1962, shi ne agogon da alhazai da yawa suka dawo da shi daga Makka, har yau yana hannun dattawa yana walƙiya kamar jiya aka saya. Sirrin shi ne gidansa na wani ƙarfe ne mai tsananin tauri da aka haɗa da tungsten, ƙura da gogayya ba sa yi masa komai. Amma abu mai tauri ba ya lanƙwasa. In ya faɗi a kan tayil yana iya ɓantarewa ko ya tsage, kuma ba a gyara wannan, sai dai sauya gida. Tsofaffin samfurin ba a yi su don ruwa mai yawa ba. Sabon da aka fitar a 2022 shi ne mai mita 100 da awa 80. Farashinsa ƙasa yake sosai da na sauran ukun, kuma ba abin rainawa ba ne.

Hukuncina: mai son agogo ɗaya tak, wanda zai iya barin wa ɗansa, ya nemi Datejust 126200 mai sarƙar Oyster, da fuska mai launi ɗaya, baƙa ko shuɗiya ko ruwan azurfa, ba duwatsu. Wanda ya fi son kwanciyar hankali a hanya da ragowar kuɗi a aljihu, Aqua Terra 38 bai rage shi da komai ba wajen aiki.

Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi wanda ya fi ƙarfen agogo tauri, ko da yake bai kai taurin gilashin saffaya da ke rufe fuskar agogon ba. Gilashin zai tsira, ƙarfen ne zai sha wuya. In ƙurar ta haɗu da gumi ta shiga tsakanin gaɓoɓin sarƙa, sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin ƙusoshin da ke riƙe su a hankali, har sarƙar ta saki ta yi lagwai-lagwai. Mutane na cewa ta miƙe, alhali cinyewa ta yi. Maganin ba tsada: duk mako biyu a lokacin hunturu, ka tabbatar maɓallin a kulle yake, ka sami ruwa mai ɗumi kaɗan da ɗigon sabulu mai laushi da tsohon buroshin haƙori mai taushi, ka goge tsakanin gaɓoɓi da cikin maƙulli, ka ɗauraye, ka tsane da kyalle mai laushi. Kada ka goge shi a bushe da bakin riga yana da ƙura, nan ne ƙananan ƙarce ke fitowa. Turare mai mai kuma a shafa shi nesa da agogon, haka ruwan zafi na wankan sanyi a cire kafin a shiga, don zafi da sabulu suna tsufar da zoben robar da ke toshe ruwa. In ka ga hazo a cikin gilashi, ruwa ya riga ya shiga. Kada a shanya a rana a jira, tsatsa tana fara cin inji cikin 'yan kwanaki.

In ya tsaya don an daɗe ba a ɗaura ba, kada ka girgiza shi. Kwance maɓallin, ka murza gaba sau 25 zuwa 30, ka saita, ka danna a hankali ka maida zaren. In ka ji ya cije tun a murɗar farko, koma baya ka sake, don tilasta shi na cinye zaren, ruwa kuma ya sami hanya. A agogo irin tsohon Rado, guji canza kwanan wata tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran da ke juya shi suna sarƙe, za ka iya karya ɗaya.

Wurin saye shi ne inda ake asarar miliyoyi. Rolex yana da dillalin da ya amince da shi a Legas da Abuja, sabo kuma yana zuwa da katin garanti na shekara 5, haka ma Omega. Wanda zai sayi na hannu, daga Dubai ne ko daga wani a gari, ya gwada lambar jikin agogon da ta katin. A Rolex na zamani lambar tana zane a bangon ciki da ke kewaye da fuskar, daidai ƙarfe shida, ƙullutun gilashin da ke kan kwanan wata kuma yana girmama lambar ninki biyu da rabi, ta cika tagar. Sai dai jabun yanzu sun kware da kwaikwayon duk waɗannan, har nauyi. Abin da ke raba gardama shi ne ƙwararre ya buɗe bayansa ya ga injin, ya ɗora shi a na'urar da ke sauraron bugunsa. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan sharaɗi, a bar masa kayansa. A kuma lura da wanda aka goge shi da inji don ya yi sabo: gefunansa sun daina kaifi, ƙahonninsa sun sirance, ƙarfen da aka cinye ba ya dawowa.

Masu gyaran agogo na bakin kasuwa, da 'yan akwatunansu na gilashi, sun iya sauya batir da rage sarƙa, kuma suna da amfaninsu. Amma bayan Datejust yana buƙatar mabuɗi na musamman mai haƙora daidai da shi, injin yana shan mai kala-kala a wurare daban-daban, kowanne ɗigon da bai kai kan allura ba, bayan an rufe kuma sai an sa sabuwar roba an gwada shi a na'urar matsin ruwa. Buɗe shi a fili cikin iskar Disamba kaɗai ya isa ya zuba masa ƙura. Rolex na cewa a yi sabis kusan duk shekara 10, Omega kuma tsakanin 5 zuwa 8. Gwajin ruwa dai, ga agogon da ke shan alwala kullum, a yi shi duk shekara ɗaya ko biyu. Kuɗin sabis da na kai shi Abuja ko Legas, dala suke bi kamar kuɗin agogon kansa, a sa su cikin lissafi tun ranar ciniki.