QGIS: wata shida ina aiki da shi a fadamar Wurno, ga abin da na gani

Ni dai abin da ya kai ni ga QGIS, manhajar zana taswira da auna ƙasa a kwamfuta, shi ne auna gonakin albasa da shinkafa na 'yan ƙungiyarmu a fadamar Wurno, kuma gaskiya kuɗin lasisin manhajojin da ake saye sun fi ƙarfin aljihuna. Wanga kyauta ne, ko sisi ba ka biya, ba kuma ta bayan fage ba. Tun 2002 Gary Sherman ya fara shi, da can Quantum GIS ake ce mai. In za ka sauke, ɗauki wanda anka rubuta LTR a jiki, wato wanda ake daɗewa ana kula da gyaransa, shi ya fi zama daram.

Ranar farko na sha kunya. Na zuba lambobin GPS na gonakin da munka ɗauko daga Excel, na duba allo ba gona ko ɗaya, sai can na tsince su cikin Kamaru! Ashe ni na juya X da Y. Sakkwato tana wajen 13 a latitud, 5 a longitud, in ka musanya su ka bar Najeriya ke nan. X shi ne longitud, ku riƙe wannan don Allah.

Sai rikicin CRS, wato tsarin awon da taswira ke bi wajen nuna wuri, nan ne mutane da yawa ke zagin manhaja alhali laifinsu ne. GPS na ba ka tsari mai lamba EPSG:4326 wanda da digiri yake awo, to ni kuma na ce ya zana min iyakar mita 100 daga bakin gulbin Rima, na rubuta 100, ya ɗauka digiri 100 nake nufi, abin da ya fito ya rufe Afirka kaf har da rara, laftop ɗina tana ta huci kamar ta yi gudun fanfalaki. Maganin kawai ka mayar da fayil ɗin EPSG:32631, wato UTM 31N, shi ne namu na nan Sakkwato, sai komai ya koma mita. In kuma tsohuwar taswirar safiyo ce ta Minna datum, tsohon tsarin awon Najeriya, ka gaya ma QGIS tun farko, in ba haka ba iyakar gonarka za ta zame cikin ta maƙwabci, kun dai san abin da ke biyo bayan wannan.

Inda ya burge ni sosai hoton tauraron ɗan adam na Sentinel-2 ne. Kyauta a shafin Copernicus, kowane ɗigo mita 10, bayan kwana 5 a sake ɗaukowa. Na haɗa band 8 da band 4, kalolin haske biyu na hoton, na fitar da NDVI, ma'aunin lafiyar shuka, sai ga gonar da ruwa bai kai ma ƙarshenta ba ta fito fayau, na nuna ma Baba a waya ya yi shiru sannan ya ce "ai kuwa nan ne injin ke gajiya." Amma fa hoto ɗaya na iya lashe data kusan giga guda, kuma a watan Agusta gajimare kawai za ka sauke, rani ne lokacinsa.

Shapefile kam, tsohon nau'in fayil ɗin taswira, na sallame shi, yana yanke sunan kolum a harafi 10, kuma ƙ da ɗ ɗinmu su rikiɗe su zama alamar tambaya in ba tsarin haruffa na UTF-8 ka sa ba. GeoPackage nake amfani da shi yanzu, fayil guda, ba tarkace.

Masu ƙaramar laftop mai RAM 4, zai yi, sai dai a yanke hoton daidai gonar kafin a fara lissafi, kuma a riƙa danna Ctrl+S, don sau biyu ana ɗauke min wuta batirina kuma ya daɗe da mutuwa.