Wikin ƙa'idojin wasa: ɗauki DokuWiki, ka huta

Ƙanena, cikin ukun da ka jera don ajiye ƙa'idojin wasanku na labari a kan tebur, wato DokuWiki da MediaWiki da Fandom, ɗauki DokuWiki. Dukansu na haɗa wiki ne, shafukan da mutane da yawa ke rubutawa suna gyarawa tare. Shi muke aiki da shi a fadarmu ta nan Birni, kuma da yau za a ce mu sake daga farko, shi zan sake ɗauka.

Wani Bajamushe, Andreas Gohr, ya fito da shi a 2004, kyauta ne, kuma abin da ya raba shi da saura shi ne ba ya buƙatar rumbun bayanai. Kowane shafi fayil ne na rubutu zalla, yana zaune cikin dosiye mai suna data/pages, tsofaffin kwafin kuma suna cikin data/attic. Ma'ana ko manhajar ta lalace gaba ɗaya, ka buɗe dosiyen da kowace kwamfuta za ka karanta ƙa'idojinka. Ajiyar kwafi kuwa ba sai an kira gwani ba, kwafe dosiyen kawai za ka yi ka zuba a kile ta USB. Akwai ma wani nau'insa da aka shirya don ya tashi daga kan kile kai tsaye a kwamfuta mai Windows, ba intanet ba komai. A garin da wuta ke ɗaukewa lokacin zafi, rezo ya bi bayanta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Labarin wasanmu a zamanin Sarki Tanimun na Damagaram muka kafa shi, lokacin ganuwa da igwa da barade da ayarin fatake masu zuwa Kano da Agadas. Wani dare ana tsakiyar wasa gardama ta kaure a kan ko barde mai lifidi yana da ƙarin maki idan ya yi sukuwa a kan ƴan bindiga. Ɗaya ya rantse ƙarin 2 ne, ɗaya ya ce tun bara aka soke. Ba wuta, ba rezo, shayi na biyu yana kan gawayi. Mai jan labari ya buɗe kwamfuta da sauran cajin da ke ciki, ya shiga tarihin shafin, ya jera tsohon rubutu da sabo gefe da gefe. Ga ranar da aka canza, ga sunan wanda ya canza, ga dalilin da ya rubuta da hannunsa. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne ya yi gyaran, ya manta. Dariya aka yi har mai shayi ya kusa kifar da buta, aka jefa ɗan lido aka ci gaba.

To amma tarihin shafi kowane wiki yana da shi. Abin da ya sa na ce DokuWiki ga irin naku aikin shi ne sirrin mai jan labari. Wasan nan ba ya daɗi idan ƴan wasa sun riga sun san abin da ke bayan ƙofa, ko wane bafade ne maci amana, ko ƙarfin dodon da ke jiransu. DokuWiki yana zuwa da tsarin izini a cikinsa, ba sai an ƙara masa komai ba. Shafuka suna zama rukuni-rukuni, sai ka ce rukunin ƙa'idoji kowa ya karanta, ƴan ƙungiya su gyara, rukunin sirri kuma masu jan labari kaɗai ke ganinsa. Izinin hawa-hawa ne, daga karatu zuwa gyara, ƙirƙirar shafi, ɗora hoto, har sharewa. MediaWiki ba a gina shi don ɓoye wasu shafuka ga wasu mutane ba, masu shi ma sun faɗi haka a takardunsu, don an yi shi ne saboda Wikipedia inda ake son kowa ya ga komai. Ana iya lanƙwasa shi da ƙarin manhajoji, sai dai sirri yakan yoyo ta wurin bincike ko jerin sabbin gyare-gyare.

Wani ƙaramin abu da na ji daɗinsa: idan mutum ya buɗe shafi yana gyara, DokuWiki yana kulle shafin na minti 15 don kada wani ya shigo su taka ƙafar juna.

Yana da nasa aibi. Rubutun da alamomi ake yi, taurari biyu don kaurara kalma, alamun daidai don kan magana, kuma gyaran jadawali a kan salula aikin haƙuri ne. Mu mun raba aiki, masu kwamfuta su shigar da jadawalin makamai da farashin kaya, sauran su gyara rubutu. In kuna son jama'a su riƙa karantawa daga gida, dole ku yi hayar masauki a intanet mai ɗaukar PHP, wato harshen kwamfutar da aka rubuta DokuWiki da shi, mafi arha ma ya isa tunda ba nauyi gare shi ba.

MediaWiki kuwa, ba zan ƙi gaskiya ba, ya fi ƙarfi. Wanda ya taɓa gyara a Wikipedia ta Hausa ya riga ya san shi, kuma tun nau'in 1.35 na shekarar 2020 yake zuwa da wurin gyara mai kama da Word. In kuna da dodanni da aljanu 300, kowanne da akwatin ƙarfi da rauni iri ɗaya, samfurinsa zai ba ku damar canza fasalin duka daga shafi guda. Amma yana son rumbun bayanai kamar MariaDB, yana son mai kula da shi duk lokacin sabuntawa, in kuka bar rajista a buɗe kuma ƴan tallan bogi za su cika muku shi. Mutum goma sha da ke haɗuwa daren Asabar ba sa buƙatar tirela don ɗaukar buhu biyu. In dai ranku ya kafe a kansa, ku nemi wuri a Miraheze, masu ba da masaukin MediaWiki kyauta ba talla tun 2015, da gudummawa da aikin sa-kai suke tafiya. A 2023 sun taɓa sanar da za su rufe kafin wasu suka karɓi ragamar, don haka ku riƙa sauke kwafinku lokaci-lokaci.

Fandom kyauta ne kuma cikin minti kaɗan ka buɗe, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Talla da bidiyo za su cinye megar yaranku kafin su kai ga ƙa'idar da suke nema, babu shafin sirri, kuma in kuka tashi ƙaura tsohon kwafin yana nan a hannunsu yana gogayya da sabon a Google. Masu wikin wasan kwamfuta na RuneScape sun bar shi a 2018, na Minecraft suka bi a 2023.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu cewa za su haɗa maka wiki. DokuWiki da MediaWiki duka kyauta ake sauke su, duk wanda ya ce ka biya kuɗin lasisi ɓarawo ne. Ladan aikin hannunsa daban, wannan halal ne, a yi ciniki a fili. Babbar damfarar tana wurin sunan adireshi: ya yi rajista da sunansa da imel ɗinsa, shekara ta zagayo ya ninka kuɗi, in kun ƙi ya rufe, aikinku duka yana hannunsa. Adireshin .com a wasu wurare bai kai jika 10 ta sefa a shekara ba. Ku buɗe imel na ƙungiya, a yi rajistar da shi a gabanku, kalmar sirri ta zauna a hannun mutum biyu, kuma kafin ku cika masa kuɗi ya nuna muku yadda za ku sauke dosiyen data da kanku. Sai kuma kile. Akwai waɗanda ake rubuta 64 giga a jiki, kwamfuta ma ta nuna 64, alhali cikin bai wuce 8 ba. Za ta karɓi fayil kamar lafiya lau, ranar da ka zo buɗewa ka tarar da shara. Wani mai tebur ya taɓa sayar mini da irinta, hotunan taswirorinmu suka tafi a ciki. Akwai ƙaramar manhaja kyauta, H2testw, tana cika kile ta sake karantawa ta faɗa maka ainihin girmanta. Gwada kafin ka zuba komai, kuma kwafi biyu a gida biyu.

In wasanku a kan Dungeons & Dragons kuka gina shi, kada ku kwafe littattafan kamfanin ku zuba a wiki na fili. Cikin abin da aka halatta akwai takardar ƙa'idojin da suke kira SRD 5.1, wadda masu wasan, Wizards of the Coast, suka saki ƙarƙashin lasisin Creative Commons a Janairun 2023. Wannan kuna iya fassara ta da Hausa, ku gyara, ku wallafa, sharaɗin kawai ku ambaci masu ita. Naku ƙa'idojin na gida ku ware musu rukuni dabam, don wanda ya shigo sabo ya san wanne ne na asali wanne ne na fada.

Ku kuma daidaita rubutu tun ranar farko, musamman sunayen shafuka. Mu nan muna rubuta ƴ, ƴan'uwanmu na Najeriya suna rubuta 'y, masu gaggawa a salula kuma ba sa sa ƙugiya ko ɗaya, sai ka ga shafi uku a kan abu guda. Ku zaɓi hanya ɗaya ku rubuta ta a shafin farko.

Fara da na kan kile a kwamfutar mai jan labarinku, ku zuba ƙa'idojin yaƙi da na ƙirƙirar jarumi, ku yi wasa da shi wata ɗaya ko biyu. In ya zauna muku, sai ku yi karo-karo ku kama masauki, ku kwashe dosiyen ku ɗora can yadda yake. In ka maƙale wurin tsarin izini, zo da kwamfutar bayan Isha'i in nuna maka.